Zakaran Baƙo a Gangara

Ranar Talata na tsere daga gidan Kyari a Gangara, ba takalmi, ina ihu.

Hira na je yi da shi. Ɗan gudun hijira ne daga Borno, wanda aka ɗora wa bindiga yana shekara goma sha biyu, yanzu yana noma gonar aro a garin. Muna cikin magana ya shiga ɗaki, ya fito da wuƙa, ya nufo ni.

Maƙwabta suka taru da sanduna, ni ina bayansu. Sai ga matarsa Falmata riƙe da zakara.

"Haba ɗan jarida! Wuƙar zai ba ka, ka yanka mana. Tun da ya baro daji, ko kaza ba ya iya yankawa."

Zakaran ya tsira, ni na koma Damagaram. Maigari kuwa, tun da ihuna ya tayar da gari, har yau bai ce ko Kyari zai ci gaba da riƙe gonar da aka ara masa ba.