Kwandon da Ya Rasa Layi a Kasuwa

Kai da ka zo kana kumbure-kumbure don an rasa sashen da za a ajiye ka a wurin aiki, zauna in ba ka misali.

An yi wani manomi mai ƙaton suri a tsakiyar gonarsa, shekara da shekaru yana tsine wa garar da ta gina shi. Wata damina aka kwana ana ruwa, da safe ya tarar surin ya fitar da laimar kwaɗi, irin wadda ake ci, fara tas, kowace kamar faifai. Ya cika kwando ya nufi kasuwa da sauri, domin ya san halinta: ba ta kwana, rana na karkatawa sai ta yi baƙi ta saki, ko akuya ba ta kallonta. Ya sauke a layin masu ganye. Shugabarsu, wata mai alayyafo da bakinta ya fi wuƙarta kaifi, ta juya guda ɗaya sama da ƙasa, ta ce a nuna mata ganyen, ko furen, ko irin da aka shuka. Babu ko ɗaya. Ta ce abin da in an dafa ake taunarsa kamar tsoka, wajen mahauta ya dace. Ya ɗauka ya tafi can. Sarkin Pawa ya tambaye shi wa ya yanka, ina jinin, ina fatar, sannan ya nuna masa hanya. Haka bawan Allah ya yi ta kai da komo da kwando a ka, rana na dukansa, yana leƙa kayan, har na saman suka fara yanƙwanewa.

Da hayaniya ta yi yawa, jama'a suka taru, Sarkin Kasuwa ya tare wani tsohon malamin kimiyya da ya zo sayen manja, ya ce ya raba gardama. Malam ya gyara tabarau, da ganinsa ka san ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya ce mai alayyafo da Sarkin Pawa duk su biyun suna da gaskiya. Masana ma sun yi zamani suna lissafa ta cikin tsirrai don tana tsaye wuri ɗaya, sai daga baya suka lura ba ta da koren da ke haɗa abinci da hasken rana, ruɓaɓɓen abu take ci. Suka cire ta, suka yanka mata masarauta tata, ita da yis ɗin burodi da funfunar da ke kama tuwon shekaranjiya. Ya ce kowane iri suna biyu gare shi da Latin, na zuriya da na yanka, ya rangaɗo na wannan, har wata tsohuwa ta shafa ta ce amin. Ya ƙara da cewa in za a bi jini, ta fi kusa da dabbobi. Sarkin Pawa ya ce don Allah kada a ja masa dangi. Shi kuwa manomi ba ya jin komai, inuwa kawai yake kallo tana tafiya, kamar ya yi kuka.

Sarkin Kasuwa ya yanke cewa tunda abin masarauta ce guda, ba ya zama ƙarƙashin kowa, a kai shi gindin tsamiyar bakin ƙofa. Manomi ya tafi jiki a sanyaye, yana ganin korarsa aka yi da ladabi. Ashe duk taron nan sun biyo shi, kowa na so ya kai gida abin da ba ganye ba, ba nama ba. Kafin kiran la'asar kwando ya koma wayam, mai alayyafon ma ta aiko a saya mata a ɓoye. Kuma tunda al'adar kasuwa ce kowane layi da sarkinsa, mutumin da ko a gayya ba a taɓa ba shi shugabanci ba ya koma gida ana kiransa Sarkin Laima, shi ne sarkin, shi ne talakawan.

To, ka daina hura hanci, ka je ka zauna inda suka tura ka. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: wani hanin ga Allah baiwa ne.