Ranar Huda Kunne

Ana shirin huda wa 'yar Murugesan kunne Kaniyamma ta shigo, ta ɗauke yarinyar daga cinyar uwarta, ta fice.

Murugesan shi ne shugaban masuntan ƙauyenmu. Kaniyamma kuwa tsohuwa ce mai tallan kifi, shekara arba'in tana bin hanyar bakin kogi da kwando a ka, daga gaɓar teku zuwa cikin gari. Ba wanda ya gayyace ta bikin. Ko da safiyar nan ta tsaya a ƙofa tana ta magana, masu ganga suka rufe muryarta, wata ta ce a zuba mata shinkafa ta tafi.

Ihun uwar ne ya kira maza daga bakin teku, inda suke ta tsintar kifi a kan yashi suna cewa yarinyar ta zo da arziki. Suka watsar da kwanduna suka biyo.

Hanyar siririya ce, mutum biyu ba sa jerawa. Hagu shingen gonakin kwakwa, dama gangaren kogi. Murugesan ya kusa cim mata, sai ta juya, ta miƙa yarinyar ta wajen gangaren.

"Ƙara taku ɗaya, in sake ta."

"Kaka, me muka yi miki? Faɗi abin da kike so."

"Ka biyo ni in kai namiji ne. Ka kira uwarka ma, gurguwar nan, ta zo ta ga yadda ake riƙon yaro."

Aka goyo uwar tasa. Ba wanda ya yarda a bar shi a baya, har mai huda kunnen ya taho da allurarsa a hannu.

Kaniyamma tana sauri, ƙafarta ta san kowane dutse. In ta ga ta yi musu nisa sai ta rage tafiya. Tana yawan waiwaye, amma idonta ba ya sauka a kan kowa. A ƙasa kogin ya zama taɓo, kwale-kwale sun kwanta a gefensu. Karnuka uku suka wuce ta a guje, ko haushi babu.

A cikin gari hanyar ta ratsa bayan kasuwa. Nan ta ɗaga murya.

"Ku fito ku gani, na sace 'yar shugaba."

Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Mata masu wanki suka hauro daga matakalar kogi da kumfa a hannu. Wani ya jefe ta da ɓawon kwakwa, goshinta ya fashe. Ta kare kan yarinyar da tafinta, ta zage shi har kakansa, shi da 'yan'uwansa ma suka shigo sahun masu bin ta.

Bayan gada hanyar ta rabu da kogi ta hau tudun wurin bauta. Matakala ɗari da ashirin. A ta sittin gwiwarta ta ƙi, ta ci gaba da rarrafe, hannu ɗaya a ƙasa. Sai da ta kai ƙoli ta zauna. Ta jira na ƙarshenmu ya hauro, sannan ta miƙa wa uwar 'yarta, ko ƙwarzane babu.

Murugesan ya shaƙe wuyan rigarta, ya ɗaga hannu.

"Doke ni, ɗan nan, amma ka fara waiwayawa. Tun safe nake ce muku in teku ya ja da baya haka gudu ake yi, kuka ce a ba ni shinkafa."

Hannunsa yana sama, ya juya, mu ma muka juya, daidai lokacin da ruwan teku ya shafe rumfar bikin ya hauro kogi, yana bin hanyar da muka biyo ta.