Katin da Ba a Gama Ba

Katuna ɗari da sha huɗu aka jera a cikin gilashi, Babban Yaya na bin su ɗaya bayan ɗaya yana goge ƙurar da babu ita. Yau gidan tarihi ke buɗe baje kolin aikin marigayi mahaifinsu, katunan gaisuwar da aka yi ta rububinsu shekara arba'in baya. A jikin katunan ga yara a kan lilo, ga tsofaffi sun duƙufa a kan dara, ga mai sarewa ya lumshe ido.

Babban Yaya ne ya rubuta bayanin da aka manna a bango, kuma bai yi kara ba: "Ya ajiye burushi yana tsakiyar ƙarfinsa saboda jinyar matarsa." Ya so ya ƙara abin da ya fi haka zafi, shugabar gidan ta hana.

A wurinsa Inna ce ta kashe baiwar Baba, kuma har gobe bai yafe mata ba. Tun tana da lafiya ba ta barin bawan Allah ya sarara. Da ya shiga ɗakin zane ya rufe ƙofa sai ga ta da tiren shayi, ta shige ta yi zamanta har la'asar, yara na tsakar gida suna hamma. Mace ba boko ba wayewa, baƙi ma da hagu take miƙa musu kofi, Baba na sunkuyar da kai. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, ta tafi da maganarta. Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ko layi ɗaya bai sake ja ba.

Babban Yaya ya ce kada a kawo Inna wurin baje kolin. Auta ta yi biris da shi, ta turo ta a keken guragu.

"Haba Auta, me za ta gane a nan?"

"Yaya, tun safe take nuna mini ƙofa. In ɗaure ta?"

Inna ba ta kalli kowa ba. Aka yi ta tura ta har gaban katin ƙarshe, wanda ba a gama ba: yarinya ta yi sama tana tsallen igiya, rabin igiyar babu, gefen takardar fari fat. Nan ta sa ƙafa ta tokare keken, hawaye na bin kuncinta.

"Sai yanzu," in ji Babban Yaya ƙasa-ƙasa. "Bayan an gama ɓarna."

Baƙi suka taru, aka ba matar da ta gyara katunan dama ta yi bayani. Wata shida ta yi a kansu da madubin ƙara girma tana cire datti da tabon ruwa.

"Abin da ya fi burge ni, mai zanen nan bahago ne," ta ce. "Ku dubi layukan inuwa, duk daga hagu suke gangarowa dama. Kuma daga gefen dama yake fara kati, don kada hannunsa ya shafe ɗanyen fenti. Shi ya sa a wannan na ƙarshe gefen hagu ne ya rage."

Babban Yaya ya yi dariya har da tafa hannu. "Malama, wannan karon kin kauce. Ubana ne fa. Ko ƙofa ba ya turawa da hagu."

"Sa hannun da ke ƙasa kam da dama aka yi shi, a kan kowane kati," ta ce a natse. "Ni zanen nake magana."

Babban Yaya ya matso kusa da matar. Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya ji ƙarar keke a bayansa, ya waiwaya.

Inna ce ta sa hannun dama ta ɗago mataccen hannunta na hagu daga cinya, ta ɗora shi a kan gilashin, daidai inda igiyar ta tsaya.