Muryar da Ba Ta Sa Hannu Ba

Yatsanta na kan maɓallin gogewa ta tsaya cak. Ƙa'idar bincike ce, kuma ta yi alkawari a rubuce: ranar da ta kammala nazarinta kan mata masu sana'a, za ta shafe duk hirarrakin da ta naɗa.

Saura hirar wata tsohuwa mai ɗinki. A bayan maganarta ana jiyo mijinta daga ɗakin ciki yana rera waƙa ƙasa-ƙasa, kamar ruwan sama a wata unguwa mai nisa. Wata biyu ke nan da rasuwarsa.

Ta kasa gogewa. Ta nufi shagon tsohuwar tana murnar kyautar da za ta kai. Hasken hantsi ya ratsa yadudduka, suna ta lilo kamar a mafarki.

"Mama, ina da muryar Baba. In bar miki?"

Tsohuwar ta tsayar da keken ɗinki, ta leƙo ta saman tabarau.

"'Yar nan, ni na sa hannu a takardarki. Shi wa ya tambaye shi?"

Kunya ta lulluɓe mai binciken. Shekara uku tana yawo da waƙar bawan Allah ba da saninsa ba.

"Mutumin da ko 'ya'yansa ba su taɓa jin waƙarsa ba! Ni kaɗai yake yi wa, bai san da baƙuwa ba." Tsohuwar ta gyara zama, ta lumshe ido. "Kunna mini sau ɗaya. Daga nan ki sake shi ya tafi, kafin ya gane an ji shi."