Tsagar Gadon Ƙumbar Ruwa

Tabawa mai banda, wadda ke kawo mana kifi ranar kasuwa, ita ta fara ba ni wannan labari, ni kuwa tun ranar nake juya shi a baki kamar goro. Ajiye wayar nan ki ji, 'yar nan.

Wai a wani gari na bakin dam, wata ƙumbar ruwa ta sauka musu. Ba irin tasu ba ce da mata ke kankare tukunya da ɓawonta. Wannan 'yar mitsitsiya ce kamar gurjiya, kuma duk abin da ta samu cikin ruwa sai ta manne masa, ɗaya bisa ɗaya, har ta toshe bututun ban ruwa. Akwai wani manomin rani mai albasa da injinsa ya koma tari yana tofar da laka, albasa ta fara kwanciya. Shi ya fara nuna yatsa. Ya ce wani baƙon masunci ne da ya zo bara daga tafkin gabas ya kawo musu masifa a gindin jirginsa. Aka kifar da jirgin, ga ƙumba jingim. Ba wanda ya ce a kifar da sauran jiragen a gani. Sarkin ruwa ya sa aka ɗaure jirgin baƙo da sarƙa a gindin giginya, aka ce ya fara neman inda zai koma. Mutum da 'ya'ya, in bai shiga ruwa ba tukunya ba ta hawa murhu.

Ana cikin haka sai ga wata malamar jami'a da kwalabenta. Ta ce a dakata da kora. Wai kowace halitta tana ɗauke da tsagar gado a cikin tsokarta. Yadda kike ganin Bagobiri tun daga nesa ki san gidansu, haka ita ma ƙumba, sai dai tata tsagar ba wanzami ya yi ba, uwa da uba suka bar mata, kuma ido ba ya ganinta sai na'ura. In aka yanki ɗan naman ta nan, aka gwada da na ta sauran ruwaye, za a san daga inda kakanninta suka taso. Kin ji ikon Allah? Abin da ba shi da fuska, amma yana da asali.

Manomi kamar ya yi fiffike don murna. Shi ya riƙa goya malama a babur zuwa bakin ruwa, shi ya tuɓe riga ya nutsa ya ɓamɓaro mata ƙumba cike da ƙwarya. Ya bi teburin mai shayi yana koya wa mutane zancen tsaga, sai ka ce shi ya ƙirƙiro na'urar. Da ya haɗu da baƙon a hanya ya ce, "Fara ɗaure kaya, ƙumbarka za ta faɗi sunan ubanta." Baƙo ya ce, "Ni ma ina son in ji shi, Malam."

Ranar da malama ta dawo da sakamako, manomi ne a sahun gaba, da sabuwar hula. Ta ce tsagar ta nan ba ta ko yi kama da ta tafkin gabas ba. Ta wani kogi ce can kudu, sak, kamar an tsaga kara. Ta ce 'ya'yan ƙumbar tun suna ƙanana yawo suke cikin ruwa, ido ba ya ganinsu, durom ɗaya ya isa ya cika dam. Sai ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa kawo ruwa daga can. Wuyoyi suka juya gefe guda, wajen manomi. Kowa ya san wanda ya sayo 'ya'yan tarwaɗa daga kudu cikin durom don kiwo, ya kwashe kifin, ya tuttule sauran ruwan a dam yana cewa ruwa ai ruwa ne. Gumi ya keto wa manomi daga ƙarƙashin hula. Amma a nan ya burge ni. Bai yi gardama ba. Ya karɓi makulli hannun sarkin ruwa, ya je ya kwance sarƙar da kansa, ya durƙusa yana kankare gindin jirgin da fartanya. Baƙo yana tsaye a kansa ya ce, "Kankare a hankali, Malam, 'ya'yanka ne."

Da Tabawa ta ba ni labarin, washegari da safe na ɗauki sandata na tafi bayan gari wurin kawunki mai kiwon kifi, na tsaya a kansa har ya juye ruwan durom ɗinsa a busasshiyar ƙasa, nesa da rafi. Yana juyewa yana gunaguni, wai masu wanki ne ke ɓata rafin ba shi ba. Na ce masa juye dai, Hausawa sun riga sun gama magana: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.