Ramin da Baba Ya Haƙa

Baba ɗan dambe ne, ya kayar da maza tun daga Illo har tsallaken iyaka. Ina shekara goma ya haƙa mini rami a bayan gida, zurfinsa ya wuce gwiwata. Sai in shiga, in haɗe ƙafafu, in yi tsalle don in fito, amma kullum sai in kasa. Ya ce haka ƙafa ke koyon shuri.

Wata la'asar, kafin ya dawo daga kasuwa, na auna ramin da rular makaranta kamar yadda na saba. Ya ragu da inci huɗu. Ashe Baba ya zuba ƙasa a ɓoye, ya daddaɓe don kada in gane.

Da ya zo ya ce, "Tuma, ɗana. Yau kana hita."

Sau uku ina tsalle, ƙaurina na bugun bakin ramin. Ya miƙo hannu ya ciro ni.

"Shi ke nan. Tahi ga karatunka."

Bai yi faɗa ba, bai kuma sake kirana bayan gida ba. Har ya rasu ina kawo masa sakamakon jarrabawa. Yakan ce madalla, ya ninke takardar bai duba ba.