Kwalbar Maraɗi

Famfon tagulla na tankin gidan akawun iyaka ya toshe ranar Laraba, ga shi ranar Asabar baƙi za su iso Jibiya daga Katsina. Farar ƙasar ruwan rijiya ce ta daskare a cikinsa. Akawu ya gaya wa kukunsa Kalilu a taƙaice: ko ruwa ya zuba, ko ya nemi wani kuku.

Kalilu bai girgiza ba, don yana da binegir, ruwan tsamin Turawa mai cinye farar ƙasa.

Wata huɗu da suka wuce wani direba ya kawo masa shi daga Maraɗi a koriyar kwalba, ya bar ta wajen Hajo, matar Kalilu. Kalilu bai taɓa ganin binegir ba kafin nan, amma cikin mako guda ya zama malaminsa. Butocin shayin unguwa da farar ƙasa ta kama duk sun bi ta hannunsa, kowace da wa'azinta: a surka da ruwa, kada ya kwana a kwanon gorar ruwa, a ɗauraye sau uku. Kwalbar kuwa albarka gare ta, ta ƙi ƙarewa.

Da ya zo ɗaukarta, Hajo ta ce, "Malam, da ka gwada tsamiya mana."

"Mi kika sani, Hajo? Wanga aikin Faransa ne, ba kunu ba."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe.

Ya kwance famfon ya jiƙa shi a binegir. Alhamis shiru. Juma'a da safe ya hura, ko iska ba ta wuce ba. Ya dawo gida da kwalbar, saura ɗan kaɗan a ciki, ya kasa cin tuwo. Bayan ya sauko daga masallaci sai ya ga kamar ta ƙaru. Ya ce tsoro ne ya rufe masa ido ɗazu, ya sake jiƙawa.

Asabar da hantsi, ana jin ƙugin motar baƙi, ya ɗaura famfon ya murɗa. Famfon ya yi tari sau biyu, ruwa ya ɓalle.

Kalilu ya shigo gida yana taku ɗaiɗai. "To, uwar tsamiya, kin ga aikin ilimi?"

"Na gani, Malam."

Ta karɓi kwalbar ta kai ɗaki. Ta daɗe tana son gaya masa, amma yau ma ba ranar ba ce: tun ranar da direba ya kawo kwalbar, akuya ta tuntsurar da binegir ɗin kaf, ita kuwa wata huɗu ke nan tana cika ta da tataccen ruwan tsamiya.